Yadda Aka Raba Safiatu da Tukunyarta

Ranar da gorar jiƙo ta yi bindiga a jakar Safiatu, motar bas da ke bin Boston Road a cike take maƙil, irin cikar da in ka yi atishawa sai ta sauka a ƙeyar wani. Watan Yuli ne, da hantsi, zafi kamar an kifa wa garin kasko. Tana tsaye, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya rungume da jaka, sai ji aka yi fus! Murfin gorar ya yi nasa wuri, wani baƙin ruwa mai kumfa ya biyo ƙasan jaka, ya gangaro ta leshinta ruwan ƙwai, ya cika mata takalmi, sannan ya kama hanya tsakanin ƙafafun mutane kamar ya san inda za shi.

Wari kuwa ba a magana. Ka haɗa kwatamin mahauta da daddawar da ta sha ruwan sama da safar ɗan ƙwallo, to ka kama hanya, amma ba ka isa ba. Wata tsohuwa mai jin Sifaniyanci ta kira sunan Maryamu ta toshe hanci da gyale. Wani ƙato ya cusa fuska cikin wuyan rigarsa. Direba ya tsaya inda babu tasha, ya buɗe ƙofofi gaba da baya. Kowa ya dubi bayan zanen Safiatu, ya dubi abin da ke malala a ƙasa, ya yanke hukuncin da kai ma za ka yanke. Ita kuma Turancinta bai wuce na cefane ba, sai ɗaga jaka take tana cewa, "Medisin! Medisin!" Babu wanda ya yarda. Haka ta sauka, takalmi na caɓal-caɓal, ta taka sauran hanyar zuwa asibitin unguwa, ƙuda biyu suna yi mata rakiya.

Wanda bai san Safiatu ba zai ɗauka ƙazama ce. Matar da ke wanke albasa bayan ta ɓare ta! 'Yar zangon Kumasi ce, shekararta goma sha huɗu a unguwar Morrisania ta yankin Bronx a Amurka, a bene na huɗu na wani dogon gida da Hausar Kano da ta Maraɗi da ta Gana ke karo a kan matattakala. Ta biyo mijinta ne, Alhaji Tamimu, direban tasi. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ya ba ta hannun girki. Suna, ɗaurin aure, sadakar bakwai, buɗa-baki, duk wanda za a yi a gidan nan tukunyarta ce za ta hau wuta, wata shirgegiyar tukunya da sai maza biyu ke sauke ta. Wake da shinkafarta da shito, soyayyen yajin nan na Gana, tuwonta da miyar ayoyo, sun sa 'ya'yan gidan da ba sa iya haɗa magana ɗaya da Hausa sun iya cewa, "Anti, ƙara." Wasu matan ana kiran su da sunan 'ya'yansu. Ita da tukunya aka san ta, kuma ta ishe ta.

Abin ya faro ne da bazara. Wata Juma'a ma'aikatan lafiya suka kafa tebur a ƙofar masallaci suna gwajin jini kyauta. Alhaji Tamimu, da ko paracetamol ba ya yarda da shi, ya ga ana ba duk wanda aka gwada lema, sai ya miƙa hannu, ya sa aka kira matarsa ita ma ta miƙa. Bayan mako biyu sakamako ya fito. Su biyun duk ƙwayar ciwon hanta, wadda likitoci ke kira Hepatitis B, ta taɓa shiga jininsu. Ta Alhaji ta shiga ta fita, har ta bar masa kariya. Ta Safiatu ta shiga ta shimfiɗa tabarma.

To, Alhaji yana da wani bokiti. Shekara shida ke nan yana ajiye a ƙarƙashin wurin wanke hannu na banɗaki, don Safiatu ta rantse ba zai kwana ɗaki ɗaya da abincinta ba. A ciki akwai saiwoyi da ɓawon maɗaci da jar kanwa da wani abu mai kama da jelar ƙadangare, wanda shi ya ce saiwa ce. Wani abokinsa ya kawo masa daga Bawku ta Gana. Tun ranar bai taɓa sauya kayan ba, ruwa kawai yake ƙarawa. Samansa ya yi wata farar hunhuna mai kauri, har da gashi-gashi. In zai sha sai ya sa cokali ya dama ta a ciki, wai a nan ƙarfin yake. Ya kafa kai ya shanye kofi guda, ya yi gyatsar da makwabta ke rufe taga.

Da takarda ta zo, sai Alhaji ya samu abin da ya daɗe yana nema. Juma'a ta gaba ya tsaya a ƙofar masallaci yana fifita da ita.

"Ga shi nan, likitan Amurka da hannunsa ya rubuta! Ciwon hanta ya shigo jikina, ya tarar da jiƙo, ya nemi ƙofa. Hajiya kuwa da take toshe mini hanci shekara shida, nata yana nan daram!"

Shi a ganinsa tallar jiƙo yake. Kafin la'asar babu bene ɗaya da bai san abin da ke jinin matarsa ba.

Shugabar matan gidan ita ce Magajiya Hawawu, mai haƙorin Makka biyu da turaren da ke riga ta shiga ɗaki. Ita ta fara. Safiatu ta aika mata da kwanon tuwo kamar kullum, aka dawo da shi ba a ko buɗe ba, an ɗauro shi cikin leda biyu. Washegari Safiatu ta je zubar da shara ta tarar da wake da shinkafarta a kwandon bene na uku, da ƙwan a kai, ko gutsura ba a yi ba. Matan da suka shekara goma sha huɗu suna lashe yatsu har gwiwar hannu, yanzu in an ambaci shitonta sai su tattara miyau su nemi inda za su tofar. A taron mata aka ba kowa shayi a kofin tangaran, ita aka ba ta na takarda, da ta gama wata ta ɗauke shi da bakin tsintsiya.

Duk wannan ta haɗiye. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne sunan da ke tafe. Sa'adiyya, 'yar Magajiya, tana da tsohon ciki, jikan fari kuma. Sa'adiyyar da ta girma a kan tuwon Safiatu. Tun ciki na wata uku Safiatu ta soma tanadin busasshen kifi. Sai ga Magajiya a bakin ƙofa, ta ƙi shigowa, ta ƙi taɓa ko marfin.

"Hajiya Safiatu, bana ki huta. Gidan abinci za mu ba."

"Magajiya, ni na ce na gaji?"

"Ei, kar ki sa in yi magana. Jama'a na ƙyama, ni ma ba zan ɓoye miki ba. Ki bi mijinki ki sha abin da ya sha. Ran da takardarki ta zama irin ta Alhaji, tukunya taki ce."

Shi ya sa matar da ke wanke albasa ta durƙusa gaban bokiti. Sau uku a rana, mako uku cur. Takan toshe hanci, ta rufe ido, ta karanto duk addu'ar da ta sani, abin ya bi maƙogwaronta da yauƙi kamar yana da rai. Wani lokaci ya zauna, wani lokaci ya dawo da abokai. Alhaji na tsaye a kanta yana murna. "Yauwa, aman nan ciwon ne ke fita!" Ta rame, idonta ya faɗa, bakinta kullum kamar ta tauna tsohon ƙarfe. Don kar kofin rana ya wuce ta ne ta ɗura shi a gorar lemo ta jefa a jaka ranar da za ta je asibiti, zafin Yuli kuma ya ƙarasa aikin a cikin bas.

A asibitin akwai wata nas 'yar Jos, Keziya, gajeruwa mai bakin tsiya, wadda Hausawan unguwa ke bin layinta don ba sai an nemi tafinta ba. Safiatu na shiga ɗaki Keziya ta ja da baya.

"Yesu! Mama, me ya mutu?"

"Sista, ki rufa mini asiri. Magani ne."

Ta fito da gorar. Keziya ta sa safar hannu, ta ɗaga ta a haske, ta ga abin da ke iyo a ciki, ta ajiye a hankali kamar mai ajiye maciji.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Alhaji. Shi ya warkar da shi."

"Shi ya gaya miki, ko hantarsa ce ta rubuto wasiƙa? Mama, zauna. A'a, ba nan ba, kan waccan kujerar mai leda."

Safiatu ta zauna, ta ba da labari tun daga lema har zuwa kofin takarda. Keziya ta saurara tana girgiza kai.

"Bari in faɗa miki yadda abin yake. Ƙwayar nan in ta shiga jikin babba, jiki ya riga ya san nasa, ya san baƙo. Sai ya tashi da faɗa. Wani ya yi zazzaɓi, ido ya yi rawaya, wani ma ba zai san an yi ba. Cikin manya ashirin, sha tara za su kore ta cikin 'yan watanni, ko sun sha jiƙo ko sun sha ruwan famfo. Alhajinki yana cikin sha taran nan, ba wata bajinta ya yi ba."

"To ni me na yi da tawa ta ƙi tafiya?"

"Ba ki yi komai ba. Alamu sun nuna ke tun kina jaririya ta same ki. Jariri bai san baƙo ba, duk wanda ya buɗe ido ya tarar a gida, ɗan gida ne. Jikinsa ba ya ɗaga mata hannu. Cikin jarirai goma da ta kama, tara da ita za su girma."

"Jaririya kuma? A ina jaririya za ta je ta ɗauko ciwo?"

"Ba ta zuwa, kawo mata ake yi. Ko daga uwa wurin haihuwa, ko ta jini a bakin ƙarfe." Keziya ta nuna 'yar tsagar da ke kumatun Safiatu. "Wannan wa ya yi miki?"

"Wanzami. Ran suna."

"Da sabuwar aska?"

Safiatu ta tuna wanzamin unguwarsu da zabirarsa, yadda yakan yi wa yara biyar aski da tsaga a safiya ɗaya, ya goge askar a cinyar wandonsa tsakanin yaro da yaro. Ta kuma tuna mahaifiyarta, da ta rasu ciki a kumbure, ido kamar an shafa kurkum, aka ce jifa ce.

"Wanne ne a ciki, Sista?"

"Allah kaɗai ya sani yanzu. Shi kuwa Alhaji, ƙila a wurinki ya samu tun kuna amarya da ango, ƙila a wurin aski. Ya kore ta tun bokitin nan bai zo duniya ba."

"Abinci fa? Wanda ya ci tuwona?"

"Sai dai ya yi tumbi. Ba ta bin tuwo, ba ta bin kofi, ba ta bin gaisuwa. Jini take bi, da kwanciyar aure, da haihuwa."

Safiatu ta ji sanyi har tafin ƙafa. Sai ta yi tambayar da ta kawo ta.

"To yaushe takardata za ta zama irin tasa?"

Keziya ta daina wasa. "Mama, ba zan yi miki ƙarya ba. Da wuya. Amma mutane na tsufa da ita lafiya lau. Duk wata shida ki zo a duba, in ta motsa akwai ƙwayar da ke kwantar da ita. Abin da zai kashe ki da wuri shi ne wancan." Ta nuna gorar da haɓa. "Duk abin da kika haɗiya hanta ce ke tacewa. Tana fama da nata, kin mayar da ita masai."

Safiatu ta koma gida a ƙafa, don ba ta da fuskar shiga wata bas. Ta wuce banɗaki kai tsaye, ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta juye bokitin shekara shida a masai. Jelar ƙadangaren nan sai da aka kora mata ruwa sau huɗu kafin ta yarda ta tafi. Alhaji ya dawo da azahar ya tarar da bokitinsa a kife, ya dafe ƙirji kamar an yi masa rasuwa.

"Hajiya! Maganin da ya cece ni?"

"Alhaji, hantarka ce ta yi aikinta, ka bar bokiti ya karɓe godiya. Ka je ka nemi gafararta."

Sannan ta sauka wurin Magajiya, ta tsaya a bakin ƙofa ta zayyana mata duk abin da nas ta ce. Magajiya ta saurara da hanci a murtuke.

"Nas ɗin ce za ta ci, ko baƙina? Na faɗa miki sharaɗi."

"Sharaɗin ba zai cika ba har in mutu."

"To Allah ya ba ki haƙuri."

Sa'adiyya ta haihu a watan Agusta, namiji. Ran suna da safe falon Magajiya ya cika da mata. Safiatu ta je, don ƙin zuwa ma abin magana ne. Aka ba ta kujera a bakin ƙofa kusa da takalma. Daga nan tana hango abincin gidan abinci a farantan gwangwani: shinkafa a tsaitsaye kamar ana fushi da ita, nama ya yi baƙi, mai ya kwanta a sama ya daskare. Mata na ɗiba suna taunawa da ƙyar suna cewa, "Ai ya fi tsafta."

Can sai ga Baba Mashud. Tsohon direba ne ɗan Tamale, shi ke yi wa jarirai askin suna a duk Bronx, don gadon gidansu ne. Ya shigo yana haki, ya ce a yi masa uzuri, daga wani sunan yake a unguwar Harlem, kuma akwai na uku na jiran sa. Ya zauna, ya zaro wata tsohuwar zabira da ta sha maiƙo, ya fito da aska mai ƙotar ƙaho.

"Ta kakana ce," in ji shi, kamar yadda yake faɗa a kowane suna. "Kan da ta aske ya fi dubu. Albarka ce zalla."

Mata suka rangaɗa guɗa. Ya tofa miyau a tafin hannu, ya wasa ta sama da ƙasa. Safiatu, da ke zaune inda hasken ƙofa ke faɗowa, ta ga abin da ba wanda ya kula da shi. Gashin jaririn Harlem yana nan manne a gindin askar, laushi-laushi, a cikin wani busasshen abu ja-ja-baƙi. Magajiya ta karɓi jikanta ɗan kwana bakwai, ta miƙa kansa gaba, tana murmushi da haƙoran Makka.

Safiatu ba ta san lokacin da ta tsallake takalma da ƙafafun mata ba. Sai ganin ta aka yi ta damƙe wuyan hannun tsoho.

"Baba, ajiye."

"Kai! Hajiya, lafiya?"

"Wannan jan abin mene ne?"

Ya duba, ya kankare da farce. "Ɗan kuskure ne. Yaron can ya motsa."

"La ilaha! Ta taɓa shi!" in ji wata daga baya. "Ku ba Baba sabulu!"

Magajiya ta miƙe tsaye. "Safiatu, a gidana? Ke da ke ɗauke da ciwo ce za ki koya mana tsafta?"

"Ni ce kuwa, don ni na san ta inda yake shiga. Ina kamar wannan yaron aka sa mini irin wannan ƙarfen, ga ni da furfura ban rabu da shi ba. Ku manya in ya kama ku, ku kore shi. Wannan in ya kama shi, da shi zai yi aure."

Sa'adiyya, da ke jin Hausa amma ba ta mayarwa sai da Turanci, ta taso daga kan katifa da ƙyar, ta karɓe ɗanta daga hannun uwarta. Ta dubi askar, ta yamutsa fuska kamar za ta yi amai. Ta ce allurar rigakafi ɗaya kawai aka yi masa, saura biyu, kuma wannan abin ba zai taɓa kan ɗanta ba ko kakan wa ya ƙera shi. Aka aiki mijinta kantin ƙasa ya kawo sabuwar reza a takardarta. Baba Mashud ya wanke hannu yana gunaguni, wai zamani ya lalace, ya yi askin da rezar da ba ta da kaka.

Da aka gama, mai jego ta ture farantin shinkafa da ƙafa. Ta haɗa duk Hausar da ta mallaka ta ce wa uwarta, "Mma, ina jin yunwa. Tuwon Anti nake so."

Mata suka dubi juna. Wata da ke ta fama da tsokar nama tun ɗazu ta ciro ta daga baki ta naɗe a takarda, ta ce a hankali, "Gaskiya dai." Magajiya ta ga ido ya yi mata yawa. Ta gyara gyale, ta yi gyaran murya, ta yi magana tana kallon silin.

"To. Saboda yarinya. Je ki ɗora, Hajiya Safiatu. Amma ki sa safar hannu, biyu-biyu, kuma mata biyu su bi ki su sa ido."

Safiatu ta tsaya a bakin ƙofa tana neman takalminta da ƙafa. Ta same shi, ta zura, sannan ta juyo ta ƙare wa falon kallo, daga mai turare har mai guɗa.

"Magajiya, ni an leƙa jinina, na san abin da ke ciki, da sunansa da likitansa. Ku nan kaf babu wadda ta san abin da take yawo da shi. Tuwo zan tuƙa wa 'yata da hannuna tsirara. Wadda za ta biyo ni kicin kuwa, ita za ta sa safar, kar ta shafa wa ludayina abin da ba a san sunansa ba."